Idon Inna Ya Rufe Dare Ɗaya: Sammu Ne Ko Suga?

Mu marubutan littattafan soyayya babu abin da muka ɗora wa nauyi a jikin ɗan Adam kamar ido. Yarinya ta lumshe ido, ta yi fari da ido, ta watsa wa saurayi harara, ta sadda dara-daran idanunta ƙasa don kunya, shi kuma gogan naku ya kashe mata ido ɗaya. Shafi guda sai mu cika shi da ido kawai. To amma fa a cikinmu, mu masu rubutawa da ku masu karantawa, wa ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta mene ne yake juya idon nan? Kuma in abin da yake juya shi ya tsaya cak rana ɗaya, yaya ke nan?

Maganar yau ba ta samari ba ce, ta iyayenmu ce da kakanninmu, har ma da maigidan wata a cikinmu in ya manyanta. Akwai wata lalura da take samun masu ciwon suga, musamman waɗanda suka haura shekara 50, wadda mutum zai kwanta lafiya lau ya tashi da fatar ido ɗaya a rufe ruf, ko kuwa ya tashi yana ganin komai biyu-biyu, ƙofa biyu, buta biyu, jikarsa guda ta zama tagwaye. Dalilin da ya sa na kawo muku ita kuwa, ke 'yan mata ke ce a gida. Ke ce mai kai wa Baba ruwan wanka, ke ce mai shiga ɗakin Inna da sassafe gaisuwa, saboda haka sau da yawa ke ce mai fara gani.

Bari in fara da gyara wata kalma don kada mu rikice. A Hausa komai jijiya ne, wadda take ɗauke da jini jijiya, wadda take ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. To a nan zan riƙa cewa hanyar jini in ina nufin ta jini, in kuwa na ce jijiya to ta saƙo nake nufi, wato mai kama da wayar lantarki, wadda ƙwaƙwalwa take aiken umarni ta cikinta.

Kowace ƙwayar ido tana da tsoka shida da suke riƙe da ita suna janta kamar linzami, wata sama, wata ƙasa, wata wajen hanci, wata wajen kunne, biyu kuma suna murza ta. Jijiyoyin da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa guda 12 ne a kowane ɓari, likitoci sun ba su lamba, uku daga cikinsu aikinsu shi ne ba wa tsokokin nan umarni: ta uku, ta huɗu, da ta shida. Ta shida tsoka ɗaya tak take aika, mai jan ido wajen kunne. In ta shanye sai idon ya karkato wajen hanci, mutum ya zama kamar harara-garke alhali ba haka aka haife shi ba, yana ganin abu biyu gefe da gefe, musamman abin da yake nesa. Ta huɗu ita ma tsoka ɗaya gare ta, mai taimakon duban ƙasa, shi ya sa wanda tasa ta shanye ya fi shan wuya wajen sauka daga bene ko karatu, za ki ga yana karkatar da kai gefe guda ba tare da ya sani ba don hotunan su haɗe.

Ta ukun nan kuwa ita ce uwargida sarautar mata. Tsoka huɗu cikin shidan duk a hannunta suke, ga tsokar da take ɗaga fatar ido, ga kuma wani ƙaramin aiki na musamman wanda duk labarinmu a kansa ya rataya. Ki ɗauki madubi ki dubi tsakiyar baƙin idonki, za ki ga wani ɗan ɗigo da ya fi sauran baƙi. Ƙofa ce da haske yake shiga ta cikinta, ni zan kira ta tagar ido. A duhu tana buɗewa, in an haska tocila sai ta tsuke nan take. Jijiya ta uku ce mai tsuke ta. To in wannan jijiya ta shanye fatar ido sai ta faɗo, in kika ɗaga ta da yatsa za ki tarar ƙwayar idon ta kauce wajen kunne ta ɗan yi ƙasa, ba ta iya duban sama, ba ta iya duban hanci.

Na ga wannan da idona a kan wata gwaggona, yayar mahaifinmu. Shekararta wajen tara da ciwon suga, shan magani kuwa sai ranar da ta ga dama, in ta ji sauƙi ta ajiye ta ce ai ta warke. Kwana biyu tana kukan ciwo a bayan idonta na dama da goshinta, rana ta uku na shiga gaishe ta na tarar ido ɗaya a rufe.

"Gwaggo, barci kike ji ne?"

"Wane irin barci 'yar nan, tun asuba nake fama ya ƙi buɗuwa. Zo ki duba min ko wani abu ne ya cije ni."

Babu kumburi, babu ja, babu kwantsa. Kafin azahar gida ya cika. Wannan ta ce iska ce ta buge ta don ta fita tsakar gida da tsakar dare, waccan ta ce kambun baka ne, wata kuwa ta yi ƙasa da murya ta ce ai ba a rasa hannun abokiyar zamanta ba, tunda shekaranjiya an ji su suna 'yar sa-in-sa a kan girki. Baiwar Allah tana madafa tana dama wa maras lafiyar kunu, ba ta san an gama yanke mata hukunci ba. Wannan abu ya tsaya min a rai ƙwarai, domin kuwa da yayanmu bai dage an tafi asibiti a ranar ba, da zaman shekara ashirin ya lalace a kan abin da babu ruwan kowa.

Likitan da ya duba ta bai fara da komai ba sai da ya ɗaga fatar idon ya haska 'yar tocila, ya haska ɗayan, ya sake dawowa. Ya ce da ita, "Hajiya, bi yatsana da ido, kada ki juya kai." Sannan ya sa aka auna suga da hawan jini, duka biyun sun yi sama, ya kuma tura mu hoton ƙwaƙwalwa. Daga baya ne na bi diddigin dalilin tocilar nan, kuma shi ne abin da nake so ki fahimta da kyau.

Jijiya abu ce mai rai, tana cin abinci, tana buƙatar jini kamar kowane sashe na jiki. Akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin hanyoyin jini, siraran gaske kamar silin gashi, waɗanda suke kutsawa cikin jijiyar suna ciyar da ita. Ita ta ukun tafiyarta da ɗan tsawo. Daga tsakiyar ƙwaƙwalwa take fitowa, ta ratsa tsakanin waɗansu manyan hanyoyin jini biyu, ta bi gefen wata hanyar jini da take haɗa jinin gaban ƙwaƙwalwa da na bayanta, sannan ta shiga bangon wani kogo mai cike da jini da yake bayan ido, daga nan ta faɗa gurbin ido. A farkon tafiyar, rassan hanyoyin jinin bayan ƙwaƙwalwa ne suke ciyar da ita. A wajen kogon kuwa rassan babbar hanyar jinin nan ta wuya ce, wadda kike jin bugunta in kika ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Kin ga ke nan akwai wani yanki a tsakani wanda yake ƙarshen layin wannan, yake kuma ƙarshen layin wancan. Duk wadda ta zauna a unguwar da ake wahalar ruwan famfo ta san zancen, in ruwa ya rage ƙarfi gidan da yake ƙarshen layi shi yake fara bushewa.

Abin da suga yake yi shi ne, in ya daɗe yana yawo da yawa a cikin jini, sai bangon ƙananan hanyoyin nan ya riƙa kauri yana tauri, ramin cikinsu yana ƙanƙancewa, kamar tsohon bututun da tsatsa ta cinye. Hawan jini da yawan kitse a jini da shan taba duk suna ƙara wa wutar fetur. Ana nan ana nan, rana ɗaya jinin da yake isa tsakiyar jijiyar sai ya gaza, saƙo ya daina wucewa.

To ga inda abin mamakin yake. Jijiyar nan ba waya ɗaya ba ce, damin wayoyi ne dubbai a ɗaure wuri guda. Waɗanda suke zuwa ga tsokoki da fatar ido su suka cika cikin damin, waɗanda suke tsuke tagar ido kuwa a can baya-baya suke kwance, kusa da ɓawo, kuma suna samun nasu jinin daga hanyoyin da suke shimfiɗe a kan fatar jijiyar ta waje. Kin taɓa sayen rake mai kyan gani, kika fere kika tarar cikinsa ya yi ja ya lalace, ɓawon kuwa sumul? Haka ciwon suga yake yi wa jijiyar, ta ciki yake cinta ya bar bayanta. Shi ya sa mai suga zai zo da ido a rufe, ƙwayar ta kauce, amma in an haska tocila tagar ta tsuke daidai da 'yar uwarta.

Ɗaya abin kuwa da likita yake tsoro daga waje yake zuwa. Kin tuna hanyar jinin da na ce jijiyar tana bin gefenta? Wani lokaci bangonta yakan yi rauni a wuri guda ya kumburo, kamar yadda tiyub ɗin keke yake yin ƙululu kafin ya fashe. Ƙululun nan in ya danne jijiyar, wayoyin baya-bayan zai fara taɓawa, sai tagar ido ta wangale ta ƙi tsukewa ko an haska mata wuta. Wannan ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya, domin in ya fashe jini ne zai malala a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mutane da yawa ba sa tashi. In kuwa an gano shi da wuri ana iya ɗaure shi ta hanyar tiyata ko a toshe shi ta cikin hanyar jini. Ƙari a cikin kai ma yakan yi irin wannan dannewa.

Ba da ka likitoci suka san wannan ba. Tun 1866 wani likita a Ingila mai suna John Ogle ya rubuta labarin shanyewar jijiyar ido a jikin mai ciwon suga, amma da yake yawancin masu lalurar warkewa suke yi, an daɗe ba a samu damar ganin cikin jijiyar ba. Sai a 1957 waɗansu likitoci uku a birnin Bostan na Amurka, Dreyfus da Hakim da Adams, suka bincika jijiyar wani majiyyaci da ya rasu, suka tarar tsakiyarta ce ta lalace, gefenta kuwa da sauƙi. A 1970 Asbury da Miller Fisher da abokan aikinsu suka sake irin wannan bincike, suka ga ɓarnar tana daidai wajen kogon nan na bayan ido, bangon ƙananan hanyoyin jini ya yi kauri, kuma abin da ya fi lalacewa shi ne rigar da take lulluɓe da wayoyin, su wayoyin kansu yawancinsu suna nan. Wannan shi ne sirrin warkewar. Kamar wayar lantarki ce da robarta ta saluɓe amma ƙarfen bai tsinke ba, jiki kuma ya iya saƙa sabuwar riga.

(Wani abin sha'awa, zoben hanyoyin jinin da yake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda ƙululun nan yake fitowa, sunan wani likitan Ingila aka sa masa, Thomas Willis, wanda ya yi bayaninsa a 1664. Shi ne kuma bayan shekara goma ya rubuta cewa fitsarin masu wannan ciwo yana da zaƙi. Kakanninmu dai tururuwa ce take gaya musu.)

Yanzu kada wata ta karanta wannan ta ɗauki tocila ta zama likitar gida, ta ce ai tagar Baba tana tsukewa, suga ne, a bar shi ya huta. A'a wallahi. Ƙa'idar tana da ramuka. Wani bincike da likita Jacobson ya wallafa a Amurka a 1998 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu suga da jijiyarsu ta uku ta shanye, tagar tasu takan ɗan fi 'yar uwarta girma, sai dai bambancin kaɗan ne, galibi bai wuce milimita ɗaya ba. Haka nan ƙululun jini yakan fara da taga lafiya lau, sai bayan kwana biyu ko uku ta buɗe. Ciwo ma ba ya raba gardama, domin na suga shi ma yana zuwa da ciwon bayan ido mai tsanani, kamar na gwaggona. Kuma kasancewar mutum yana da suga bai hana shi samun ƙululun ba. Saboda haka a yau likitoci da yawa, in dai akwai hali, duk wanda jijiyarsa ta uku ta shanye sai sun yi masa hoton hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na'urar siti-sikan ko em-ar-ai. Na san da tsada, na san kuma ba kowane gari ake da ita ba, amma ni dai a ganina in aka zo kan wannan, gara a taɓa kuɗin adashi. In ba a samu yi ba, to lallai a riƙa komawa likita yana duba tagar a kwanakin makon farko.

Ranar da abin ya faru ranar ake tafiya asibiti. In kuwa ya haɗu da ciwon kai irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ko amai, ko sanƙarewar wuya, ko magagi, ko nauyin harshe, ko hannu da ƙafa sun saki, ko taga ɗaya ta fi ɗaya girma a fili, to ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Haka in mai lalurar yaro ne ko matashiya irinmu, domin na suga ciwon manya ne, a jikin matashi sai an nemi wani dalilin. Tsoho kuma in yana kukan ciwon gefen kai da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, a gaya wa likita, akwai wani kumburin hanyoyin jini da yake makantarwa cikin kwanaki in ba a tare shi ba. Mutanen Kano ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, na Kaduna kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa. Wadda take nesa ta fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su tura gaba.

Akwai ɗan gwajin da za ki iya yi kafin ku tafi, wanda zai taimaki likita. In Inna ta ce tana ganin biyu, ki sa ta rufe ido ɗaya, sannan ta rufe ɗayan. In da ta rufe kowanne abin ya koma ɗaya, to idanun ne suka daina tafiya tare. In kuwa da ido ɗaya ma biyu take gani, matsalar a cikin ƙwayar take, wataƙila yana ce ko buƙatar tabarau. Kada kuma ki haɗa wannan da karkacewar baki, wadda ita ma ta fi yawa a masu suga. Waccan jijiya ta bakwai ce, ido ƙin rufuwa yake yi, wannan kuwa ƙin buɗuwa.

Hoton gwaggo ya fito babu ƙululu babu ƙari. Magani kuwa, abin da ya ba mutanen gidanmu haushi ke nan, babu wani ɗigo ko allura da aka ba ta na idon kansa. An gyara mata maganin suga, an ɗora ta a kan na hawan jini, an ba ta na rage ciwo, aka ce a yi haƙuri. Gaskiyar ke nan, irin wannan shanyewa da kanta take warkewa, yawanci cikin mako shida zuwa wata uku. A nan ne masu magani suke cin kasuwarsu, domin duk abin da aka shafa ko aka turara a mako na bakwai shi za a ce ya yi aiki. Don Allah ki tsaya tsayin daka kada a ɗiga mata komai, ko ruwan albasa, ko nono, ko jiƙon wani ganye. Lafiyar ƙwayar idon ƙalau, ɓarnar tana can cikin kai inda ɗigo ba ya kaiwa, sai dai a jawo gyambo a idon da ba shi da laifi.

Wani abu da ya tayar mana da hankali a mako na biyar, fatar idon ta fara ɗagawa, sai gwaggo ta hau kuka wai ciwo ya ƙaru, yanzu komai biyu take gani. Ashe alamar sauƙi ce. Da can fatar ce ta yi wa idon labule, da labulen ya yaye kafin ƙwayar ta gama daidaita sai hoto biyu ya bayyana. Dabarar mai sauƙi ce, a rufe ido ɗaya da auduga da filasta, ko a manna takarda a gilashi ɗaya na tabarau. Babba ba ya samun illa don an rufe masa ido na 'yan makonni. A asibitin ido kuma akwai wata 'yar roba da ake liƙawa a tabarau tana haɗe hotunan. A wannan tsakani ban da tuƙin mota ko babur, a kula da ita wajen matakala da bakin murhu da zuba ruwan zafi, domin mai ganin kofi biyu ba ta san wanne ne na gaskiya ba. Cikin mako na goma idon gwaggo ya dawo kamar ba a yi ba.

In wata uku ya wuce babu alamar sauƙi, ko abin yana ƙaruwa, ko wata jijiyar ta bi sahu, ko kika lura fatar idon tana zabura sama duk lokacin da ta dubi ƙasa, to a koma a sake bincike, wannan ba halin suga ba ne. Ƙalilan da karkacewar ta zauna musu, bayan wata shida ko fiye ana iya yi musu aikin tsokar ido.

Lalurar ba ta cika yawa ba. Wani bincike a Japan a 1990 ya samu kusan mutum 1 cikin 100 na masu suga da shanyewar ɗaya daga jijiyoyin kai, wanda ya ninka na marasa suga sau da dama. Amma ki duba yawan masu sugan. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 a 2021, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. Ke nan akwai wanda faɗuwar fatar idon nan ita ce sallamar farko da ciwon zai yi masa. Awon ba wuya, ɗan ɗigon jini ne daga yatsa da safe kafin a karya. In ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to suga ne.

Wanda ya warke kuma yana iya sake samu, a idon ko a ɗayan, in aka koma gidan jiya. Sannan irin ƙananan hanyoyin jinin nan da suka toshe a jijiya su ne a bayan ƙwayar ido inda gani yake, su ne a ƙoda, su ne a tafin ƙafa, kuma na bayan idon in suka lalace ba sa dawowa cikin wata uku. Don haka ko bayan ido ya buɗe, a riƙa kai su ana ɗiga maganin buɗe taga ana leƙa bayan idon sau ɗaya a shekara, a auna fitsari saboda ƙoda, ke kuma ki riƙa duba mata tsakanin yatsun ƙafa in kin zo yanke mata farce.

Ranar zuwa asibiti ki kwashe duk kwalayen magungunan da take sha ki zuba a leda, har da na gargajiyar da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Ki rubuta ranar da ciwon ya fara da ranar da idon ya rufe a 'yar takarda. In akwai tsohon hotonta na biki ko na katin shaida ki tafi da shi, likita yakan so ya ga yadda fatar idon da tsayuwar kanta suke tun kafin lalurar.